Famfo Uku a Gidan Kawunku Lawal

Amira, Faruk, abin da kuka taso kuna ji a kan Kawunku Lawal ba haka yake ba, kuma ni na bari kuka taso da shi. Kun san shi a matsayin yayan mahaifiyarku mai taurin kai da ke Birmingham, wanda aka ba shi shawara ya ƙi ji, gidansa ya lalace, sannan ya juya ya ɗora wa babanku laifi. Na sha jin ku kuna faɗin haka da Turancinku na Manchester, ni kuma ina gefe ina kurɓar shayi kamar ba da ni ake ba. Yanzu na ajiye aiki, gwiwa ta ƙi, ido ya fara ja da baya, babu abin da ya rage mini sai zama da tunani, kuma na gaji da ɗaukar wannan magana ni kaɗai. Zan rubuta yadda aka yi, ku karanta lokacin da kuka ga dama.

A shekarun da nake magana, ni injiniya ne mai ji da kansa. Na yi karatu a jami'ar Salford, na daɗe ina aiki a kamfanonin gine-gine, kuma abin da na sani kankare ne da ƙarfe. Wuraren ajiye motoci masu hawa-hawa, rumbunan ajiyar kaya, ƙananan gadoji, a nan nake cin abincina. Katako a wurina abu ne da ake kafawa a zuba kankare a ciki, in ya bushe a ɓamɓare a jefar. A cikin mutanenmu na unguwar Longsight, nan Manchester, duk wanda bangonsa ya tsage ko rufinsa ya fara yoyo ni yake kira, kuma ba Sani ake ce mini ba, Injiniya ake cewa. Na saba da sunan har na ɗauka babu abin da ya shafi gini da zai gagare ni. Mahaifiyarku tana tsokanata, wai ko ƙofar kabad ce ta karkace sai na yi mata lacca kafin in ɗauko sukudireba.

Kawunku kuwa likitan yara ne, kuma shi ya riƙe mahaifiyarku tun tana 'yar shekara tara, bayan rasuwar mahaifinsu. Shi ya kai ta makaranta, shi ya ba ni aurenta. Duk faɗin ƙasar nan ba ta da wani jini sai shi. Ba ma yin mako biyu ba mu kama hanyar Birmingham ba, ku biyu a baya kuna faɗa a kan taga, kulolin abinci a but ɗin mota suna ƙara. A lokacin yana zaune a unguwar Handsworth, cikin Birmingham, a irin gidajen nan da ke manne da juna, kuma duk ranar Lahadi gidan cika yake yi da mutanenmu masu zuwa karatu, har takalma su kai bakin titi. Wannan ne ya sa ya nemi wuri mai fili, ya kuma je ya samo wani tsohon gida a ƙauyen da ke bayan gari. Ranar da ya kai mu gani, mahaifiyarku ta tsaya a bakin mota ta riƙe haɓa.

"Yaya, duk gidajen Ingila ka rasa wanda za ka saya sai wanda ya girmi kakan kakanmu?"

"Ke ba ki san abu mai kyau ba," in ji shi. "Injiniya, gaya mata."

Ni ma a raina dariya nake yi. Gidan fari ne da ratsin baƙi, an ce ya haura shekara ɗari huɗu, kuma babu bango ɗaya a jikinsa da yake miƙe sosai. Baƙaƙen ratsin nan su ne ainihin gidan: manyan katakai na wani itace da suke kira oak, mai nauyi da tauri kamar ƙirya. Akwai katako ɗaya da ke kwance a ƙasa kewaye da gidan, a kansa ginshiƙai suke tsaye, a kan ginshiƙan kuma wasu katakan suke gicciye har zuwa rufi. Fararen wuraren da ke tsakani ba su ɗauke da komai, saƙar ƙirare ce aka yaɓe da laka, aka shafe da farar ƙasa. Gidan yana buƙatar gyara, Kawunku kuma ya ɗauko wani dattijon kafinta, Bature, mai suna Walter, wanda duk rayuwarsa irin waɗannan gidaje yake gyarawa. Da yake asibiti ba ya barin Kawunku ya numfasa, sai ya damƙa mini kula da aikin.

"Duk abin da kuka yanke kai da kafinta, kawai ka gaya mini," ya ce. "Ni shift ɗin asibiti ya sha mini kai."

Haka na riƙa sauka duk Asabar, wata huɗu. Walter mutum ne marar yawan magana, hannunsa duk tabo, kuma ba ya gaggawa ko kaɗan, abin da ya riƙa ba ni haushi ke nan. A wurinsa na fara ganin yadda ake haɗa gida ba tare da ƙusar ƙarfe ko ɗaya ba. Sai ya fafe rami a jikin wannan katako, ya sassaƙa harshe a bakin wancan, ya zura harshen a ramin, sannan ya buga ƙusar itace ta ratsa su duka. Na lura hudar da ke jikin harshen ba ta daidaita da ta waje, ta ɗan goce kaɗan. Na yi murna na kama shi da kuskure, na nuna masa. Ya ce da gangan ne: in ƙusar ta shiga, gociyar nan ita ke jawo katakan biyu su matse, kuma duk shekarar da itacen ya ƙara bushewa sai haɗin ya ƙara kamawa. Ya nuna mini kuma ƙananan lambobi da magina na farko suka tsaga a bakin kowane haɗi, saboda kowane harshe raminsa ɗaya ne tak, ba ya shiga na maƙwabcinsa. Abin ya burge ni ƙwarai, amma ban nuna ba. Ce masa na yi a wurin aikinmu da inji minti biyu za a gama wannan.

Abin da Kawunku ya fi so a duk gyaran shi ne wurin alwala. A Handsworth ya gaji da ganin dattawa suna ɗaga ƙafa zuwa cikin abin wanke hannu, suna dafa bango, ruwa yana malala a ƙasa, har wani tsoho ya taɓa zamewa ya bugu a ƙugu. Yana so a yi irin na masallaci: dakali na zama, famfo uku a jere, da kwata a ƙasa. Na zana masa a wani ƙaramin ɗaki da ke kusurwar baya, famfunan a jikin bangon waje. Zanen ya yi kyau, ba yabon kai ba. Kawunku ya ɗauke shi ya yi ta nuna wa mutane bayan karatu, ana ta sa mini albarka, har wasu suna cewa in zo in yi musu irinsa.

Da na shimfiɗa wa Walter takardar, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya tambaye ni sau nawa za a buɗe famfunan nan a rana, mutum nawa, kuma yaya ake wanke ɗakin. Na gaya masa gaskiya: sau biyar, ranar Lahadi mutum talatin ko fiye, kuma mu ba goge ƙasa muke yi da tsumma ba, bokiti muke kwarawa mu kore da tsintsiya. Ya kai ni kusurwar, ya durƙusa, ya ɗora tafinsa a kan katakon da ke kwance a ƙasa, daidai inda ginshiƙin kusurwa ya zauna.

"Ɗakin sama da rabin rufin nan duk a kan wannan suke," ya ce. "Itacen nan yana jure ruwa in zai samu iska ya bushe. In ka rufe shi da siminti da tayil, ruwan zai sami hanyar shiga, ba zai sami ta fita ba. Ka gina musu wurin a tsakar gida, taku goma daga nan. Ni zan yi maka rufinsa."

Na ce masa zan shimfiɗa roba a ƙarƙashi, in zuba siminti mai hana ruwa, ɗigo ɗaya ba zai wuce ba, na yi irin wannan a gine-ginen da suka fi gidan nan sau ɗari. Ya ɗago ya dube ni.

"A ƙasarku akwai gidajen laka, ko? In aka shafe su da siminti, me ke faruwa?"

Na san amsar. Ɗakin kakata a Zariya haka aka yi masa don a burge ta, damina uku simintin ya kumbura ya zubo da rabin bangon. Amma sai na kauce wa tambayar. Na ce dattawanmu ba za su fita waje cikin sanyin Janairu su yi alwala ba. Wannan gaskiya ce, sai dai ba ita ce dalilina ba. Dalilina shi ne an riga an ga zanen, an riga an yabe ni, kuma ba zan koma gaban surukina da jama'a in ce wani kafinta da bai shiga jami'a ba ya gyara mini aiki. Walter ya ƙara da cewa gida irin wannan ba a taɓa jikinsa sai da izinin hukuma. Na yi kunnen uwar shegu da wannan ma. Mako na gaba ya kammala abin da ke hannunsa, ya tattara kayansa a mota.

"Ba zan sa hannuna a wannan ba," ya ce. "Ka gaya wa likita dalilina."

Na ce zan gaya masa. Da yamma Kawunku ya kira yana tambayar ina kafinta. Na ce tsufa ne, aikin ya yi masa yawa, ya gama nasa ya tafi. Na kawo masu tayil daga Manchester, cikin kwana goma aka gama. Ranar da aka buɗe famfunan, Kawunku ya rungume ni a gaban mutane.

Shekara shida babu abin da ya faru, har na manta. A shekara ta bakwai ƙofar ɗakin sama ta fara ƙin rufuwa, aka fere ta, ta sake ƙi. Tayil ya tsage a kusurwa, wani wari kuma ya zauna a ɗakin alwalar wanda turare bai kore shi ba. Walter ya riga ya rasu a lokacin, sai aka kira wata mata mai irin sana'arsa. Ina tsaye ta fasa tayil ɗin, ta ɓamɓare simintina, ta ɗauki sukudireba ta danna a jikin katakon nan na ƙasa. Ya shige har ƙota kamar a cikin dafaffen rogo. Harshen ginshiƙin ya ruɓe gaba ɗaya, kusurwar gidan ta sauka, ɗakin da 'ya'yan Kawunku mata suke kwana yana rataye ne a kan ikon Allah. A ranar aka ce kowa ya fita. Aka tokare gidan da ƙarafa, takardun hukuma suka fara zuwa, Kawunku da iyalinsa suka koma haya a Handsworth, karatun Lahadi kuma ya watse.

Bayan mako biyu ya ce mu zo. Muka same shi bayan Azahar a wani ƙaramin falo cike da kwalaye, matarsa Anti Bilki ta kawo ruwa ta fita ba ta zauna ba. Ya miƙo mini wayarsa. Hoton ginshiƙin ne, sama da inda ya ruɓe, wurin da tayil ya rufe shekara shida. Kafintocin nan suna da al'adar barin rubutu a jikin katako don wanda zai zo bayansu. Walter ya rubuta da fensir cewa kada a bar ruwa ko siminti a nan, ya gaya wa injiniya, ya sa sunansa a ƙasa.

"Injiniya, ashe an gaya maka?" in ji Kawunku. Bai ɗaga murya ba.

Wallahi a wannan lokacin da na sunkuyar da kai na ce na yi kuskure, da ya yi faɗa na kwana biyu ya huce, don na san halinsa. Amma mahaifiyarku tana zaune a gefena, ni kuma ban taɓa zama ƙarami a idonta ba. Bakina ya riga hankalina.

"Ai na gaya maka a lokacin, Yaya. A waya. Ƙila aiki ne ya sha maka kai ka manta."

"Ba ka gaya mini ba, Sani."

Ranar ce ta farko da ya kira ni da sunana. Mahaifiyarku ta juyo ta dube ni.

"Abban Amira, ka gaya masa?"

"Na gaya masa."

Shi ke nan, ba ta sake tambaya ba. Ta gyara zama ta fuskanci yayanta.

"To Yaya, wallahi tallahi mijina ba ya ƙarya. Shekara ashirin ina tare da shi. Kai ne ba ka jin maganar kowa, tun muna gida haka kake. In ka sa abu a ranka, ko me aka ce maka ba ya shiga. Ka so famfo, an yi maka famfo, yanzu kuma ka nemi wanda za ka ɗora wa."

Kawunku ya karɓi wayarsa daga hannuna.

"To ni ne maƙaryacin ke nan, Hajara," ya ce. "Allah ya kai ku gida lafiya."

Duk da haka sai da ya rako mu har bakin mota. A hanya mahaifiyarku ta yi ta kuka, tana cewa yaya za a yi ɗan'uwanta ya ci mutuncin mijinta bayan duk Asabar ɗin da na kashe a kan gidansa. Ni ina tuƙi, ina ba ta haƙuri a kan laifin da ni na yi.

Na ɗauka abin na wata ɗaya ne ko biyu. Na ce in ƙura ta lafa zan je in same shi mu biyu. Sau ɗaya na kama hanya, amma maimakon Handsworth sai na karkata zuwa ƙauyen, na tsaya daga bayan shinge ina kallon masu gyara. Sun ɗaga kusurwar gidan da jak, sun yanke ruɓaɓɓen, sun sassaƙa sabon itace da tsoho a karkace yadda za su hau juna, suka buga ƙusoshin itace. Suna yi a hankali, irin na Walter. Na yi awa guda a wurin, na juya na dawo Manchester, na ce wa mahaifiyarku daga wurin aiki nake. Duk watan da ya wuce, maganar sai ta ƙara nauyi a bakina, har ta zama ba ta ɗaguwa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ku abin da kuka rasa tafiyar mota ce da 'yan'uwan wasa, amma ita ta rasa fiye da haka. An aurar da 'ya'yan Kawunku mata biyu, kati kawai aka aiko, ba ta je ba. Da kakarku ta rasu a Kano, ɗiyarta ta yi zaman makoki a Longsight, ɗanta ya yi nasa a Birmingham, masu ta'aziyya suka riƙa raba ƙafa suna jin kunyar tambaya. Duk Babbar Sallah tana yin dambun nama mai yawan da ya fi ƙarfin gidanmu, don da can rabi nasa ne, kuma hannunta bai koyi ragewa ba. Shi kuwa hoton nan yana wayarsa, da ya so da ya tura wa kowa a cikin mutanenmu, da sunan Injiniya ya mutu a rana ɗaya. Bai tura wa kowa ba. Na san don ita ya bari, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Watan jiya, Faruk, muna karin kumallo kana lissafa mutanen da za ka gayyata ɗaurin aurenka, mahaifiyarka ta ambaci Kawunka a hankali, kamar mai gwada zurfin ruwa. Ka ce, "Uncle Lawal? Bayan abin da ya yi wa Abba? No way." Ka ɗauki makullinka ka fita. Na ga yadda ta sunkuyar da kai tana tattara kofuna. Na ce ta zauna, ina da magana. Na gaya mata duka, daga ranar da Walter ya durƙusa a kusurwa har zuwa wayar da ban taɓa yi ba. Na yi zaton za ta yi ihu ko ta fasa wani abu. Ta zauna kawai, hannunta a kan tebur.

"Na rantse masa, Sani," ta ce. "Na kama sunan Allah na rantse wa wanda ya raine ni cewa ba ka ƙarya."

Na ce ta yafe mini. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta hau sama, na ji tana buɗe durowa. Da ta sauko da 'yar jakarta na riga na ɗauko makullin mota, na ce bari in kai ta, ni ma in durƙusa a gabansa.

"Ajiye," ta ce. "Naka zuwan daban ne, ka nemi ranarka. Wannan tsakanina ne da Yaya."

Ta fita ta hau bas zuwa tashar jirgin ƙasa. Na tsaya a taga ina kallonta, na ga yadda take jan ƙafar hagu, na tuna cewa lokacin da na raba ta da ɗan'uwanta da gudu take hawa bene.

Yau kwananta goma sha tara a can. Amira, na san ta kira ki. Faruk, kai ma ta kira ka, ta ce maka tana lafiya, ba ta gaya muku dalili ba, don har yanzu rufa mini asiri take yi. Ni ba ta kira ni ba tukuna, kuma ban ga laifinta ba.